Kabewar Ƙofar Iya Delu

Jiya da la'asar na ji ku a gindin dalbejiya kuna dariya, wai noman kabewa ba sana'a ba ne, tunda ko a juji aka watsar da ƙwaya sai ta tsiro. Gaskiyarku, tana tsirowa. Amma irin wadda kuke nufi, wadda mace za ta ɗauka da hannu ɗaya tana gyara goyo da ɗayan, ni ban taɓa sa ta a sahun kabewa ba. Wadda na ƙarar da ƙuruciyata a kanta, sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin ta hau jaki, jakin ma sai ya waiwayo ya dube su. Tunda kun raina, ku gyara zama ku ji. Wanda ya raina tsayuwar wata ai sai ya hau ya gyara.

Haƙa rami shi ne aikin farko da aka ba ni. A Toranke na koya, wajen Kawu Jibo ƙanen mahaifiyata, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki, ina magidanci har da 'ya. Tun kafin ruwa ya sauka ake haƙa ramin, zurfinsa har gwiwa, a cika shi da takin awaki wanda ya shekara ya huce, a gauraya da toka saboda gara. Kawu zai zo ya zura ƙafa, in ramin bai haɗiye masa gwiwa ba sai ya ce, "Ɗanjuma, kabarin ƙadangare na sa ka haƙa?" Kayan aikin ba su da yawa: fartanya, sungumi, wuƙa mai kaifi, sai gammon ciyawa da ake sa wa kabewa a ƙarƙashi don kada danshi ya ruɓar da ita. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ragi. Saiwa ɗaya, 'ya ɗaya, haka dokar Kawu take. Yaɗo zai ɗauki 'ya'ya kyawawa, ka zaɓi guda, ka tsinke sauran ka zubar don duk abincin ya tafi wuri ɗaya. Ranar da na fara yin haka kasa cin tuwo na yi.

Yanka a kasuwa shi ma ilimi ne. Gaya muke kaiwa, da Ajingi. Ba mai sayen irin wannan kabewa ɗungurungum, ko da akwai ma Kawu ba zai sayar ba. Yanka-yanka ake yi wa masu tuwon sayarwa da tsofaffin da matan aure ke aikowa. Kowace sai ta ƙwanƙwasa, ta sansana, ta ce ta bara ta fi ja, sannan ta nemi gyaran da ya fi abin da ta saya. Duk wannan Kawu yana jurewa. Abin da ba ya jurewa shi ne ƙwaya ta bi mai saye. Kafin ya fitar da yanka ɗaya sai ya kwashe hanjin kabewar tas, ya zuba a jakar fata da ke wuyansa. Ya ce wani falke ne ya ba kakansa irin daga gabas, kuma duk ƙasar Gaya ba mai shi sai gidansu. Wata rana ƙwaya ɗaya ta kuɓuce masa, wata kaza da aka kawo sayarwa ta yi caraf ta haɗiye. Kawu ko tayi bai yi ba, ya sayi kazar, ya yanka ta a bayan rumfa, ya tsaga wuyanta ya ciro abinsa. Ranar kaɗai na taɓa cin nama daga aljihunsa.

Aikin fure shi ne ya raba mai kabewa da mai juji. Kabewa fure biyu gare ta. Akwai namiji mai dogon wuya siriri, cikinsa da gari rawaya kamar na ɗorawa. Akwai mace, wadda za ka ga 'yar ƙwallo a gindinta. In garin nan bai shiga cikin macen ba, ƙwallon sai ta yi rawaya ta faɗi. Ƙudan zuma ne ke wannan aike, furen kuma safiya ɗaya tak yake buɗewa, kafin rana ta take ya tsuke bakinsa har abada. To, Kawu bai yarda da zuma ba. Ya ce ba ta san asali ba, sai ta kwaso garin kabewar juji ta kawo wa tasa. Don haka da sassafe yake tsinko namiji, ya fige shi, ya goga a cikin macen a hankali, ya ɗaure mata baki da zaren rama. Ɗaurin aure yake kiran abin, kuma ba ya farawa sai ya duba hagu ya duba dama.

Da bazara Allah ya yi wa Kawu rasuwa, Allah ya jiƙansa, ba tare da ya gaya wa kowa inda ya ɓoye goran iri ba. Muka duba rumbu, muka duba jinka, muka haƙa ƙarƙashin gadonsa, har matarsa ta ce mu bari kada mu rushe mata ɗaki tana takaba. Har yau goran nan yana wani wuri a Toranke yana jiran mai rabo. Abin da ya rage a duniya shi ne ɗan abin da ya zuba mini a tafin hannu kafin ya kwanta, na shukar wannan damina. Na kawo ƙauyenmu kusa da Ajingi, na shuka a garkar bayan gida. In shukar nan ba ta ba ni ko kabewa ɗaya da ta nuna ba, irin ya ƙare ke nan, daga kakan Kawu ya zo ya mutu a hannuna.

Shekarar kuwa sai ta zo da marka. Da farko shukar ta yi kyau, ganye kamar faifai, har masu wucewa na tsayawa. Fure na fara fitowa sai sama ta ɓalle. Ba irin ruwan da manomi ke so ba, wanda zai yi ya ɗauke rana ta fito. A'a, da asuba yake tsugewa kamar da bakin ƙwarya, ya koma yayyafi har azahar, gobe ma haka. Katangu suka yi ta zubewa, gishiri ya narke a ƙoƙo, ashana ta ƙi kamawa, sai yawon ɗiban wuta gida-gida. Furen kabewa kuwa bakinsa sama yake kallo kamar mazurari, ruwa sai ya cika shi taf. Garin namiji ya jiƙe ya zama kunu, ka goga ka goga ba abin da ke kamawa. Zuma ma ta shige amya ta ƙi fitowa, ashe ita ma ba ta son jiƙa. Wata safiya har na tsaya a gindin kukar da ke da amya ina ba ta haƙuri a madadin Kawu. Kullum sai na tsinci 'yan ƙwallaye a ƙasa, sun yi rawaya sun yi laushi.

Rufe fure ita ce dabarar da na ƙago. Na ce tunda ruwa ne ke ɓarnar, a yi wa kowane fure hula. Da yamma nakan duba wanda zai buɗe gobe, ana gane shi don bakinsa ya fara rawaya, in kafa kara kusa da shi in kife masa ƙoƙo. Ƙoƙuna suka ƙare na koma faifai, faifai ya ƙare na ɗauki murfin tukunya, daga ƙarshe har malafata. Matata Hansai ta tashi za ta yi tankaɗe ta rasa faifai, ta leƙa garka ta ga kayan ɗakinta a tsaitsaye bisa kara. Ta ce, "Malam, in rabuwa kake so ka faɗa mini, ba sai ka riƙa fitar mini da kaya ɗaya-ɗaya ba."

Kafin Juma'a labari ya zaga gari. Wasu suka ce tsafi nake, wasu suka ce rasuwar Kawu ce ta taɓa ni. Liman ya zo da kansa, ya lulluɓa da buhu saboda yayyafi, ya tarar da ni a tsugune da fure a hannu.

Ya ce, "Malam Ɗanjuma, me ake yi haka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, aure nake ɗaurawa."

Ya dube ni, ya dubi faifayen, ya ce, "To, Allah ya ba da lafiya." Washegari ya aiko mini da rubutun sha.

Dabarar dai ba ta yi ba. Iska ta riƙa kifar da ƙoƙunan, 'ya'yan da suka ɗan kama kuma suka ruɓe don a cikin ruwa suke kwance, gammo ya zama taɓo. Daga nan saiwa ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da markar ta yi nisa, wadda ta rage mini ita ce guda ɗaya da ke kan ɗan tudu a gindin danga.

Ɗakin kakata Iya Delu, mahaifiyar babana, yana jingine da wannan danga ta cikin gida. Kun san yadda kaka da jika suke, ita miji take ce mini, ni kuma in ce amarya. Ba ta da haƙori ko ɗaya, amma bakinta ya fi lauje. Wata yamma na ji ta tana ƙwala kira, "Kai mijin banza, zo ka janye macijinka daga ɗakina!" Ashe yaɗon saiwar nan ta ƙarshe ne ya ratsa danga, ya hau jinka, ya gangaro ta gaba, ya shige ƙarƙashin bunu daidai saman ƙofarta. Na ɗaga kai, sai ga fure mace a laɓe, ko ɗigo bai taɓa ta ba, bakinta har ya fara rawaya.

Ban yi wata-wata ba na tsinko namijin da bai buɗe ba, na tsoma wuyansa a ƙoƙon ruwa na kai ɗakina. Da asuba ya buɗe, garinsa a bushe. Na sa shi a cikin hula, na ratsa yayyafi, na kife turmi a ƙofar Iya na hau. Ina cikin aiki ta ɗaga asabari, ba abin da ta gani sai ƙafafu.

Ta ce, "La'ilaha! Ni ko sadakina ba ka gama biya ba, za ka ɗaura wani auren a ƙofata?"

Na ce, "Amarya, yi haƙuri, wannan ba za ta ci miki tuwo ba."

Ta ce, "Ni dai zan ci ta."

Na ɗauka wasa ne. Bayan 'yan kwanaki ƙwallon ta yi sheƙi, ta fara nauyi, ba ta yi rawaya ba. Wallahi na yi murnar da ko ranar da aka yi mini haihuwar fari ban yi ba. Sai dai a garinmu kabewar da ta hau ɗaki ta mai ɗaki ce, ko wa ya shuka, kuma Iya ta fi kowa sanin haka. Kabewa na kai girman kan yaro ta fito da wuƙa, wai ta yi daidai miya. Na durƙusa na yi mata bayani: in aka yanke ta ɗanya, 'ya'yan cikinta holoƙo ne, ba za su tsiro ba. Sai wuyanta ya bushe ya zama kamar itace, farce ya kasa shiga fatarta. Iya ta ce ita ba ta ga abin da ya haɗa wuyan kabewa da yunwarta ba. Muka daidaita a kan dakakken goro kullum da garin taba ranar kasuwa. Tun daga ranar na zama bawa, ni ne ɗebo ruwa, ni ne faskare, ni ne korar kaji.

Riƙe nauyinta ya zama aikin yini. Kabewa a rataye ba ta girma, tsinkewa take. Na fara saƙa mata ragaya irin ta rataye ƙwarya. Ta cika ragaya, na sake babba. Da jinka ta fara sunkuyowa sai na kafa gwafanni, na yi mata gadon kara a ƙarƙashi, na shimfiɗa gammo. Matsalar ita ce duk wannan gini a bakin ƙofar Iya yake. Da farko sunkuyawa take ta shiga, sai ta koma shiga a kaikaice, daga baya sai da rarrafe, tana shiga tana ambaton kakannin Kawu ɗaya bayan ɗaya. In na ce jinkar lafiyarta ƙalau, sai ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai ka san na kabewa."

Da ruwa ya ɗauke, labarin kabewar da ta toshe ƙofa ya kai har Kademi. Mata suka riƙa zuwa kallo, wasu su shafa, wasu su riƙe baki. Sai ga Iya ta daina zagi. Ta fito da tabarma ta zauna kusa da ita, duk wadda ta zo sai ta ce, "Tawa ce. Da ruwan tsari na raine ta. Wannan mijin nawa ɗan aikena ne." Na ji daɗi, don na ga ta daina maganar wuƙa. Ban san ta yi wa kabewar wani tanadi ba.

Ƙanwata ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya wajen lokacin da dawa ta fara nuna. Ni a lissafina kabewar na bukatar ƙarin kwanaki, don wuyanta da ɗan sauran kore ta ƙasa. Ana gobe suna na je na sake roƙon Iya, ta ce in je in ji da baƙina. Ranar suna kuwa kun san yadda take. Maza muna ƙofar gida, aka raɗa suna aka raba goro, mata suka cika cikin gida maƙil, daga Toranke, daga Gaya, daga Kademi. Namijin da ya kuskura ya leƙa ranar, abin da za su yi masa da baki sai ya gwammace duka. Ina zaune cikin dattawa na ji wata irin guɗa ta tashi, irin wadda ba ta jariri ba ce. Na miƙe, babana ya ce, "Zauna. Gemai-gemai da kai za ka shiga cikin mata?" Na zauna kamar a kan ƙaya.

Da azahar aka fito da akusa. Aka buɗe na gabanmu, tuwon shinkafa da miyar taushe, jajir, kauri kamar a yanka da wuƙa. Duk ƙasar nan kabewa ɗaya ce ke ba da wannan launi. Liman ya kai loma ya lumshe ido ya ce, "Malam Ɗanjuma, lallai aure ya yi albarka." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na tsame hannuna daga akushin. Tunanina ɗaya: ina hanjin? Awaki aka watsa wa, ko yara sun soye 'ya'yan a kasko?

Sai da rana ta yi sanyi mata suka watse na samu shiga. Ƙofar Iya a buɗe wayam, tana zaune ta miƙe ƙafa tana shan iska.

Na ce, "Iya, kin kashe ni."

Ta ce, "Ga ka kuwa a tsaye. Kullum da safe sai na gwada farcena a jikinta. Ran da farcen ya karye na san ta yi."

Ta jawo ƙoƙo ta miƙo mini. 'Ya'yan kabewa ne, an wanke an birkiɗa su da toka. Na latsa ɗaya, cike take, tauri kamar tsakuwa. Na yi hamdala har da ƙwalla. Amma abin da ke cikin ƙoƙon ko rabin rabi bai kai ba.

Na ce, "Ina sauran?"

Ta ce, "Duk matar da ta zo na ƙulla mata a bakin zane. Ba a zuwa sunan jikata a koma hannu rabbana."

Na ce, "Iya, irin da Kawu ya..."

Ta ce, "Kawunka ya ɓoye, ga shi can har shi ba ya ci. Tashi ka kwashe mini gwafanninka."

Fushin da na yi ba kaɗan ba ne, ba zan ɓoye muku ba. Damina ta zagayo, duk jinkar da ka duba daga Ajingi zuwa Kademi sai ka ga ta sunkuya da nauyin kabewa. Na je kasuwar Gaya na tarar da tsofaffin da ke saye a wajena sun shimfiɗa nasu buhu suna yanka, har wata tana tambayata ko zan saya. Na ci gaba da sana'ata dai, don tawa ta fi tasu girma saboda rami da ragi, amma sarautar ta tafi.

Bayan wasu shekaru, wajen lokacin da aka sauya kuɗi zuwa naira, aka shiga fari. Iya ta riga ta rasu, na kuwa yi kewar bakin nan nata fiye da yadda na zata. Na shuka, ya tsiro ya ƙone. Na sake shukawa, haka. Damina ta biyu na juye goran da nake ajiye nawa irin gaba ɗaya, ko fure ban gani ba. Na wayi gari ba ni da ƙwaya ko ɗaya. Da ruwa ya dawo na shiga yawon cigiya, har aka kwatanta mini wata mata a Kademi mai garka a bakin fadama, wadda ta raya tata da ruwan rijiya. Ban san ta ba, ita ma ba ta san ni ba. Na yi sallama, ta tsaya daga bayan zana, na ce irin babbar kabewa nake nema.

Ta ce, "Wai 'yar Delu?"

Na ce, "Ita."

Ta ce, "Wannan ba a sayar da ita. A gidan suna aka ba uwata, a bakin zane ta zo, a bakin zane take tafiya."

Ta miƙo mini ƙulli a tsumma ta saman zana. Na kai hannu zan karɓa sai ta ɗan janye.

Ta ce, "Tsaya tukuna, Malam. Irin nan ba na wasa ba ne, kada in ba ka ka lalata. Ka iya kabewa kuwa?"

Na ce mata ina dai koyo.